Takardar Bayanin Kai: Abin da Makarantun Lauya na Amurka da Birtaniya Ke Son Ji Daga Bakinka

Mutum zai iya yin karatun lauya a Najeriya tun daga JAMB har ranar da zai ɗora hular gashin nan ta lauyoyi, babu wanda ya taɓa ce masa ya zauna ya rubuta ko shi wane ne. Maki ake dubawa. Ka ci JAMB, ka tsallake tantancewar jami'a, ka yi shekara biyar a BUK ko a Kongo ta Zariya, ka wuce Makarantar Horas da Lauyoyi a Bwari ko Bagauda, duk fom ne da sakamako. Sai ranar da ka nemi gurbi a Amurka ko Birtaniya a ce maka: ga shafi biyu, ba mu labarinka. A nan ne na ga masu digiri mai daraja ta ɗaya sun yi zuru, sun kasa haɗa layi uku.

Na karanta daftarin ƙanne da abokan aiki da dama, kuma ciwon kusan ɗaya ne. Kowa yana ƙoƙarin nuna cewa shi babban mutum ne, alhali masu tantancewar suna son su ga yadda kansa ke aiki idan matsala ta taso masa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu. Da "kai" zan yi magana don sauƙi, amma ke ma ƙanwata da ke nake.

Mataki na farko: san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa

Ƙofofin uku ne, kuma kowace da irin takardar da take so.

A Amurka ba a shiga karatun lauya daga sakandare. Sai ka yi digirin farko a kowane fanni, sannan ka nemi JD, wato digirin lauya na can, mai shekara uku. Ana nema ne ta hukumar LSAC, wadda ke shirya jarabawar LSAT mai maki daga 120 zuwa 180. Yawancin makarantu shafi biyu suke so, da tazara tsakanin layuka, kodayake akwai irin su Berkeley da ke ba da dama har shafi huɗu. Yale tana ƙara wani ɗan gajeren rubutu na kalma 250. Harvard kuwa tun 2023 ta raba abin gida biyu: ɗaya kan dalilinka na neman karatun, ɗaya kan yadda rayuwarka ta gina yadda kake kallon duniya.

Ƙofa ta biyu ita ce LLM, digiri na biyu mai shekara ɗaya, kuma ita ce yawancin lauyoyinmu ke bi. Nan ba a tambayarka dalilin son zama lauya, ai ka riga ka zama. Ana tambayarka wace matsala ta shari'a ce ta dame ka har kake son barin aiki ka koma aji. A LLM ta Harvard, alal misali, takardar kashi biyu ce da ba ta wuce kalma 1,500 ba: ka fayyace wata matsalar shari'a da hanyar da kake ganin za a bi a warware ta, sannan ka yi bayanin kanka.

Ta uku ita ce LLB, digirin farko na lauya, a Birtaniya ta hanyar UCAS, hukumar da ake bi wajen neman gurbi a jami'o'insu. Haruffa 4,000 ne kacal, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma daga masu shiga a 2026 an raba su zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son fannin, yaya karatunka ya shirya ka, me ka yi a wajen aji. Turawan Ingila sun fi son jin abin da ka karanta da abin da ka fahimta daga ciki. Labarin rayuwa bai dame su kamar Amurkawa ba. Sannan takarda ɗaya ce za ta je wa duka jami'o'in da ka zaɓa, har biyar, don haka kada ka kira sunan ko ɗaya.

Kafin ka rubuta komai, kwafo tambayar kowace makaranta kalma da kalma daga shafinta na wannan shekarar, domin suna sauyawa. Wanda ya amsa tambayar bara ya yi aikin baban giwa.

Mataki na biyu: cire duk abin da suka riga suka sani

Ka tuna me ke gaban mai karantawar. Yana da sakamakonka na kowane zango, yana da CV ɗinka, yana da wasiƙun malamanka. Idan ka sake jera masa cewa ka yi firamare a kaza, ka zama shugaban ɗalibai, ka yi bautar ƙasa a ma'aikatar shari'a, ka cinye shafinka biyu a kan abin da ya gani minti biyar da suka wuce. Abin da sauran takardun ba za su iya faɗa masa ba guda uku ne: yadda kake tunani, dalilin da ya sa wannan karatun kuma yanzu, da ko ka iya rubutu mai tsabta. Na ukun ba faɗa ake yi ba, gani ake yi. Aikin lauya rubutu ne, kuma wannan takarda ita ce hujjar farko da ka taɓa gabatar musu.

Mataki na uku: nemo abu ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ɗauki biro ka rubuta lokuta goma da ka yanke wata shawara mai wuya, ko ka sauya ra'ayi, ko ka gano cewa abin da aka koya maka a aji bai yi daidai da abin da ke faruwa a ƙasa ba. Ba lambobin yabo nake nufi ba. Lokutan da aka bar ka da abu a hannu, ya zama sai ka yi wani abu a kai.

Sai ka auna kowane da tambaya ɗaya: in an goge sunana aka sa na wani ɗan ajinmu, labarin zai zauna daidai? In zai zauna, jefar da shi. "Tun ina yaro nake ƙin zalunci" kowa zai iya rubutawa, daga Kano har Kalifoniya, kuma dubbai sun rubuta. "Iyayena sun ce na iya gardama" ma haka. Gardama a tsakar gida daban, aikin lauya daban.

Ga misali na ƙirƙira don a gane. Wata ɗaliba mahaifinta ya rasu, aka zo rabon gado. A aji ta haddace cewa matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas, kuma rabon 'ya mace a fayyace yake. Amma gonar ba ta da takarda, baffanni sun ce ta kaka ce ba ta mamaci ba, uwar kuma ta ce ba za ta kai ƙannen mijinta gaban alƙali ba ko za ta rasa komai. Yarinyar ta bi dattawan unguwa da mai unguwa ta tattaro waɗanda suka shaida sayen gonar, aka zauna sulhu, aka samu rabi. A daftarin farko za ta rubuta cewa ta ƙwato haƙƙin mahaifiyarta. Wannan labarin jarumta ne, kuma bai faɗi komai game da tunaninta ba. Abin da ya kamata ta tsaya a kai shi ne abin da ta gano: dokar ba ta da laifi, haƙƙin a rubuce yake tun ƙarnoni, amma haƙƙi ba ya tsayuwa sai da hujja, hujja kuma ba ta samuwa inda ba a rubuta cinikin ƙasa, sannan zumunci kan hana mai haƙƙi buɗe baki. Daga nan hanya ta buɗe mata zuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da batun rajistar filaye a karkara, da dalilin da ya sa take son karanta dokar mallakar ƙasa. Labarin gida ya zama tambayar ilimi, kuma babu wani mai nema a duniya da zai iya rubuta wannan sai ita.

Misali na biyu, ga mai neman LLM. Matashin lauya yana zuwa gidan gyaran hali aikin sa kai. Kowa ya san mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. In ya buɗe takardarsa da wannan, rahoto ya rubuta. Amma in ya ɗauki fayil ɗaya, na mutumin da ya daɗe a tsare ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati, ya nuna ofisoshin da ya bi, da inda fayil ɗin ya maƙale, da yadda Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanadi wa'adin tsarewa da ziyarar majistare zuwa ofisoshin 'yan sanda amma aiwatarwa ta gagara, to mai karatu ya ga lauya yana aiki. Ko da bai yi nasarar fitar da mutumin ba, labarin na nan da ƙarfinsa. Sau da yawa ma labarin da aka sha kaye ya fi nuna hankali, muddin ka faɗi abin da za ka yi daban in da yau ne.

Kuma ba dole labarin ya shafi kotu ba, musamman ga mai neman JD. Wanda ya riƙe littafin bashi a shagon mahaifinsa a Kantin Kwari, ya ga yadda ake cinikin miliyoyi da baki kawai, da abin da ke faruwa ranar da amana ta karye, yana da abin faɗa game da yarjejeniya fiye da wanda ya haddace babi guda.

Dabara ɗaya da na ga tana aiki: kunna rikodar wayarka ka ba wa aboki labarin da Hausa, kamar kuna hira bayan isha'i. Abin da ya sa shi cewa "to sai me ya faru?" shi ne zuciyar takardarka. Daga baya ka mayar da shi Turanci.

Mataki na huɗu: kunya da kuka

Mu an tashe mu a kan yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Sai dai wannan tarbiyya kan sa mu ɓuya a bayan "mu". Muka shirya, muka je, muka yi nasara. Mai tantancewa ba ƙungiya zai ɗauka ba, mutum ɗaya zai ɗauka, kuma in bai ga hannunka a cikin aikin ba zai ɗauka rakiya ka yi. Mafita a nan mai sauƙi ce, kuma ba ta saɓa wa tarbiyya ba: kada ka siffanta kanka, faɗi abin da ka aikata. "Ni jajirtacce ne mai kishin al'umma" yabon kai ne. "Na koma ofishin sau shida kafin a nemo fayil ɗin" shaida ce. Bar wa malamanka siffofin, su faɗa a wasiƙunsu.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi ba ni haushi. Wasu sun ji an ce Bature na son labarin wahala, sai su cika shafi da talauci da rikici da rashin wuta, har wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba ya koma ɗan gudun hijira. Wannan bara ce, kuma masu karantawar sun ga irinta ba adadi. In da gaske wahala ta shafe ka, kana da cikakken haƙƙin faɗa, amma ka ba ta sakin layi ɗaya, sauran ka ba wa abin da ka yi da ita. Ko Kotun Ƙolin Amurka, a hukuncinta na Yunin 2023 da ya hana jami'o'i fifita mutum saboda launin fatarsa, ta bar ƙofa cewa ɗalibi na iya bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, amma a auna shi a kan hali ko ƙwarewar da ya samu daga hakan. Kuma ka kiyaye mutuncin mutanen da ke cikin labarin. Sirrin wanda ka taɓa karewa amana ce. Sauya suna, cire abin da zai sa a gane shi. Makarantar lauya za ta lura da wanda ya tona asirin mai ƙara don neman gurbi.

Mataki na biyar: gina ta

Fara daga cikin lamarin. Kada ka buɗe da maganar wani shahararren mutum, ko ma'anar adalci daga ƙamus, ko gaisuwa. Layin farko ya sa mai karatu a wani wuri, a wata rana, da wata matsala a gabanka. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya isa labarin.

Tsakiya ita ce mafi tsada: me ka fahimta, me ya sauya a tunaninka, me ka yi bayan nan da ke nuna abin bai tsaya a rana ɗaya ba. Nan za ka iya jawo abu ɗaya ko biyu daga CV, amma a matsayin ci gaban labarin. In ka karanta dokar Musulunci tare da dokar da muka gada daga Ingila, kamar yadda ake haɗawa a wasu jami'o'in Arewa, wannan babban jari ne, domin kaɗan ne daga masu nema suka yi aiki da tsari biyu a lokaci guda. Amma kada ka tsaya a ambato. Nuna wuri ɗaya da tsarin biyu suka ba da amsa daban, da yadda ka yi tunani a kai.

Ƙarshe ya kalli gaba. Faɗi abin da kake son yi da karatun, gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. "Zan kawo ƙarshen cin hanci a Afirka" ba wanda zai yarda. "Ina son komawa in yi aiki kan tsarin beli a kotunan majistare" magana ce ta wanda ya san filin. Ga masu neman Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wannan ya ƙara muhimmanci, tunda sharaɗinsu ne ka koma ƙasarka na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. In makaranta ta tambayi dalilin zaɓenta, kada ka gaya mata cewa ta shahara, ta sani. Kira sunan darasi ko cibiyar bincike ko asibitin shari'a, wato inda ɗalibai ke taimaka wa masu ƙara na gaske, sannan ka haɗa shi da matsalar da ka kawo. Ka tabbata darasin na nan a manhajar bana.

Mataki na shida: abin da za ka kai wani wuri

Uzuri ba ya shiga wannan takarda. Makarantun Amurka suna karɓar ɗan gajeren ƙarin bayani daban. In yajin aikin ASUU na 2020, da ya ɗauki kusan wata tara, ko na 2022 mai wata takwas, ya sa digirinka ya wuce lokaci, faɗa a can cikin layi uku. Haka in rashin lafiya ko rasuwa ta kayar da makinka a wani zango: ga abin da ya faru, ga lokacin, ga yadda makin ya farfaɗo. Ba kuka, ba ɗora laifi a kan malami.

Akwai kuma tambayoyin hali, inda ake tambayar ko an taɓa kama ka ko hukunta ka a makaranta. Faɗi gaskiya. A Amurka hukumar da ke ba da lasisin lauya kan iya komawa ta duba abin da ka rubuta lokacin neman shiga, kuma ɓoyewar takan fi laifin kansa illa.

Mataki na bakwai: Turancin

Turancin kotunanmu mai rawani ne: dogayen jimloli, Latin nan da can, da "cikin ƙanƙan da kai nake roƙo". A nan sauke rawanin. Gajerun jimloli, kalmomin yau da kullum. In kalma ta sa ka buɗe ƙamus kafin ka yi amfani da ita, ba taka ba ce.

Ka kuma tuna mai karatun bai san NYSC ba, bai san mai unguwa ko kotun yanki ba. Fassara kowane a cikin rabin jimla ka wuce, kada ka mayar da takardar darasin tarihin Najeriya. Kalmar Hausa ɗaya ko biyu, in suna ɗauke da ma'anar da Turanci ba zai iya ba, suna ƙara armashi. Fiye da haka ado ne.

Mataki na takwas: gyara da turawa

Fara wata uku kafin wa'adi. Rubuta daftarin farko da tsawo, ka ajiye shi mako guda, ka dawo ka yanke. Sau da yawa sakin layin farko share fage ne kawai; goge shi ka ga ko takardar ta rasa wani abu. Karanta ta da ƙarfi, inda numfashinka ya yanke jimlar ta yi tsawo.

Mutum biyu sun isa su duba maka: wanda ya san ka, ya gaya maka ko kai ne a ciki, da wanda bai san ka ba, ya faɗa maka a jimla ɗaya abin da ya fahimta game da kai. In abin da ya faɗa ba shi kake nufi ba, koma ka gyara. Kada ka raba wa mutum goma, kowa zai sa gishirinsa har miyar ta ƙi shawuwa. Kada kuma ka ba wa masu rubutawa a biya su. UCAS tana da manhajar gano rubutun da ya yi kama da na wani, kuma makarantu kan sa ka shaida cewa aikinka ne. Game da ChatGPT, dokar ta bambanta: a 2023 makarantar lauya ta Jami'ar Michigan ta hana amfani da shi wajen rubuta takardar, ta Jami'ar Jihar Arizona kuma ta halatta. Duba matsayin kowace a shekarar da kake nema.

Yawancin makarantun JD suna duba takardu ne yadda suke shigowa tun daga watan Satumba, don haka wanda ya tura da wuri ya tarar da kujeru da kuɗin tallafi ba su ragu ba. Oxford da Cambridge ta UCAS suna rufewa 15 ga Oktoba da ƙarfe shida na yamma agogon Birtaniya, wanda a wannan lokacin daidai yake da na Najeriya. Gabashin Amurka kuwa a watan Disamba muna gabansu da awa shida.

Kafin ka danna turawa, bincika sunan makaranta a cikin fayil ɗin, domin yabon wata jami'a a takardar da ta tafi wata kuskure ne da ake yi kowace shekara. Mayar da shi PDF, buɗe ka tabbata bai zarce shafin da aka ƙayyade ba, kuma ka tura kwana uku kafin wa'adi, tun wuta da intanet da katin biyan kuɗin fom ba su zaɓi daren ƙarshe sun yi maka tsiya ba.